Shafi ɗaya da aka sake bugawa ya tona asirin dek ɗina

Duk mai buga wasan kati na Netrunner da ke Jidda ya san wahalar samun katunansa. Shagunan wasanni da na zagaya cike suke da katin balut, wasan katin da aka saba yi a nan, da na Pokémon, namu kuwa ko sunansa ba su sani ba. Tun da Fantasy Flight Games suka daina buga shi a 2018, masu son wasan ne suka ɗauki nauyinsa, su ne yanzu ake kira Null Signal Games, kuma Allah ya saka musu da alheri, suna barin mutum ya sauke katunan ya buga da kansa, har a gasa ana karɓarsu. Shi ya sa na ɗauki System Gateway, ƙunshin katunan da suka fitar a 2021, na kai wata maktaba da ke kudancin gari, irin waɗanda ake zuwa kwafin iƙama da fasfo. Ba zan kama suna ba, 'yan unguwarmu sun san ta. Dattijon da ke riƙe da ita Bahaushe ne haifaffen Makka, mutumin kirki, kuma maganar da zan yi ba ta hana ni gaishe shi.

Aikin farko ya yi kyau ƙwarai. Takarda mai kauri, launi ya fito fes, ƙananan rubutun da ke ƙasan kati duk ana karantawa. Na ce masa, "Baba, don Allah kada a bari na'ura ta rage girman shafin, a bar shi yadda yake ɗari bisa ɗari." Ya ce ya ji, ya kuma yi hakan. Kati tara a kowane shafi, kowanne milimita 63 a faɗi da 88 a tsawo, ya yanka da injin yankansa daidai, suka shiga rigunansu na leda ba tare da sun yi rawa ba. Shafi ɗaya ne kawai, na katunan Jinteki, ɗaya daga kamfanonin da ke cikin wasan, tawada ta ja masa layi daga sama har ƙasa. Kafin in buɗe baki ya ce a bar shi, gobe yaronsa zai sake bugawa kyauta. Na fita ina yabonsa, har na tura wa mutanenmu a WhatsApp cewa mun samu wurin bugu.

Sai na faɗi irin dek ɗin da na haɗa, wato jerin katunan da nake wasa da su, kafin a gane abin da ya ƙona min rai. A wasan nan mutum ɗaya ne kamfani, ɗayan mai kutse. Kamfani yana ajiye katunansa a kife, yana neman maki 7 daga ajandojinsa, wato katunan da ke ɗauke da maki, mai kutse kuma yana fasa shiga ya sace su. Akasarin masu buga kamfanin Weyland da na gani katanga suke ginawa, su tara kuɗi, su jera katunan tsaro irin su Pharos a gaban ɗaki guda, wato wurin da suke kife kati, su ci ajanda a bayanta. Ni ba haka na so ba. Na ɗauki katin kamfani mai suna Weyland Consortium: Built to Last, wanda duk lokacin da ka ɗora alamar farko a kan kati (irin alamomin da ake tara wa ajanda kafin a ci ta) yake ba ka kuɗi 2, na rage katangu, na aro Urtica Cipher guda uku daga Jinteki da makin tasirin da aka ba ni na aro kati daga wani kamfani, 15 ne gaba ɗaya. Katin tarko ne. Idan mai kutse ya shiga ya taɓa shi, zai zubar da kati 2 daga hannunsa, da ƙarin ɗaya kan kowace alama da ke kai. Wanda aka nemi ya zubar da fiye da abin da ke hannunsa kuwa ya mutu, wasa ya ƙare.

Dek ɗin kati 44 ne, maki 18 na ajanda a cikin kati takwas: Offworld Office uku, Send a Message uku, Above the Law ɗaya, Superconducting Hub ɗaya. Sai Clearinghouse, wanda idan aka ƙyale shi ina tara masa alamomi, wata rana in jefar da shi ya yi wa mai kutse lahani daidai da yawan abin da ya tara. Abin da nake yi a zagayena shi ne in kife kati a fili, ba katanga ko ɗaya a gabansa, in ɗora masa alama biyu. Na kashe kuɗi 2, Built to Last ya mayar min da 2, kenan ban yi asarar ko sisi ba. Sai in zauna ina kallon abokin wasa. In ya shiga ya tarar da Urtica, kati huɗu sun tafi. In ya ji tsoro ya bari, alhali Offworld Office ne, zagaye na gaba in ƙara biyu in ci maki 2 da kuɗi 7 a kai. In kuwa Clearinghouse ne, barinsa ma mutuwa ce a hankali. Na gwada dek ɗin da baƙi a Jinteki.net, shafin intanet da ake buga wasan, ba kullum yake ci ba, mai haƙuri da ya iya cika hannunsa kafin ya shiga yana wahalar da ni. Amma ina son sa sosai, domin a irin wannan wasa idon mutum kake karantawa.

Dukkan wannan dabara a kan abu ɗaya ta tsaya, wato katin da ke kife ya zama ba a iya bambanta shi da ɗan'uwansa.

Daren wata Alhamis muka haɗu a istiraha, wato gidan hutawa, kamar yadda muka saba, manya na can gefe suna balut, mu muna namu a kan darduma. Mun shirya 'yar gasa tsakaninmu, ba kuɗi a ciki, na faɗi haka ne saboda masu ganin kati su ce caca. Na zauna da ɗan yayata, yaro mai kaifin ido, shi ne mai kutse, yana buga Zahya Sadeghi. Na kife kati, alama biyu. Ya shiga ba ko ɗar, ya sace Offworld Office. Na ce sa'a ce. Na kife wani, Urtica ne wannan karon, na ɗora biyu, na ƙara ta uku, har ta huɗu, wadda da ya taɓa da kati biyar a hannu da ya mutu nan take. Ko kallonsa bai yi ba, ya ci gaba da kutsawa cikin dek ɗina yana tara kuɗi. Na kife na uku, Send a Message, ya shiga kai tsaye. Wasa na biyu ma haka, kamar yana leƙen hannuna. Zuciyata ta fara raya min abin da bai dace in raya wa ɗan 'yar'uwata ba, kuma wannan ne abin da ya fi min ciwo a duk lamarin.

Shi ne da kansa ya ajiye katunansa ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba zan iya ci gaba ba. Ina ganin tarkunanka." Ya ɗauki ɗaya ya karkata shi a ƙarƙashin fitila. Bayan ledar baƙi ne, ba a ganin ciki, amma katin da ke ciki gajere ne, don haka bakin rigar ya yi saura, ya ɗan lanƙwashe, kuma gefen katin ya yi shata a jikin ledar ƙasa da inda na sauran yake. Takardar ma ta fi laushi, danshin Jidda ya riga ya sa ta kwanta daban. Ya ce tun wasan farko idonsa ya kama, ya yi ta ƙoƙarin kawar da kai, amma abin da ka riga ka gani ba ka iya mantawa. Muka ɗora Urtica a kan Hedge Fund, wani kati daga dek ɗin, muka gwada. Ya gaza a tsawo, ya gaza a faɗi. Shafin nan da aka sake bugawa ne. Kuma a duk dek ɗina, kati uku ne kacal suka fito daga shafin Jinteki, su ne tarkunan.

Na koma shagon da katunan a hannu. Yaron ya amsa cewa ya danna inda na'ura ke daidaita hoto da shafi, kuma takardar farko ta ƙare, sai ya ɗauko wata. Wannan ban riƙe shi ba, yaro ne, kuskure ne. Amsar Baba ce ta ɓata min rai. Ya juya katin a hannu ya ce, "Haba ɗana, wannan ɗan bambancin? Ai wasa ne." Na ce, "Baba, da fasfo ne aka kawo aka rage masa girma, za ka ce ɗan bambanci ne? Na faɗa tun ranar farko, kuma na biya kuɗin aiki cikakke." Ya ce in zan sake, sai dai in biya, tunda an riga an yi min kyauta sau ɗaya. Kyautar da ita ce ta lalata aikin! Kuma ko na biya shafi ɗaya ba a gama ba, domin irin takardar farko babu ita, dole a sake dek ɗin gaba ɗaya a kan takarda iri guda.

Da na zauna rubuta wannan niyyata in ce wurin yana da kyau, a kiyaye kawai. Amma yanzu da nake tuna yadda na kalli ɗan yayata da zargi, da yadda aka mayar da maganata wasan yara, ba zan iya tura kowa can da bakina ba. Na goge saƙon da na tura. Injinsu mai kyau ne, yankansu mai kyau ne, wanda zai buga katunan mai kutse kawai, da akasarinsu a buɗe ake ajiyewa, wataƙila ba zai ga matsala ba. Mai dek ɗin tarko kuwa ya tafi da rula, ya sa a buga komai a zama ɗaya daga ƙunshin takarda ɗaya, ya auna kati daga kowane shafi kafin ya miƙa riyal ɗinsa.

Na sake buga dek ɗin a wani wuri kusa da Balad, tsohon garin Jidda, a kan takarda marar kauri, na zura kowanne a gaban tsohon katin wasa iri ɗaya a cikin rigar, don kauri da tsawo su zo daidai. Launin bai kai na Baba ba ko kusa. Ranar Alhamis mai zuwa ɗan yayata ya ce Tāo Salonga, wani mai kutsen, zai kawo, na kuma cire katanga ɗaya na ƙara Clearinghouse na uku.