Kantin Maganin Dabbobi Kusa da Kasuwar Dole: Abin da Na Gani

A ƙarshen damina karen da ke gadin garkenmu ya kama susa ba dare ba rana, gashinsa yana zubewa, ƙuraje masu mugunya suka feso masa a fatar ciki da hammata. Na kai shi wani kantin maganin dabbobi kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram, inda likitan ya ƙi sayar mini da komai sai da ya duba fatar ya kuma auna nauyin karen, abin da ya sa na yarda da shi nan take.

Ya ce, "Malam, ƙwayar cutar bakteriya ce ta shiga inda ƙuma ta cije shi." Ya rubuta ƙwayoyin cefalexine, maganin kashe bakteriya, safe da yamma, a cusa cikin nama har mako 3, tare da wanka da sabulun chlorhexidine mai kashe ƙwayoyin cuta. Ya ja kunnena kada in dakata don na ga ƙurajen sun bushe, domin yanke magani a tsakiya yana sa cutar ta dawo.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne bai gaya mini maganin yana iya kawo zawo ba, kuma karen ya yi kwana biyu yana fama da shi. A mako na uku gashin ya fara tsirowa.