Waya ko tabarma: ta ina za ku ji ra'ayin mutane kan rahoton yara?

Malama, kin ce ƙungiyarku ta gama bincike kan 'yan matan da ke barin makaranta a ƙauyukan Ringim da Taura na Jihar Jigawa, kina tambaya ko ku tura rahoton ta waya ku jira martani, ko ku koma garuruwan ku karanta wa mutane. Na taɓa yin duka biyun.

Waya akwai sauri, ga arha. Ki sa taƙaitaccen bayani a WhatsApp da hantsi, kafin La'asar kin ji daga malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da ɗalibai na Dutse da Kano. Su ne za su gyara miki lissafi ko sunan gari. Ko UNICEF ma da saƙon waya take jin ra'ayin matasa ta tsarin U-Report. Sai dai a ƙauye wayar tana hannun wa? Galibi tana aljihun maigida, ko tana wurin mai caji a bakin kasuwa. Uwar yarinyar da aka cire daga aji biyar ba za ta ga saƙon ba. In ma ta gani, da boko aka rubuta, ita kuwa allo ta yi. Ƙarshe ki tara amsoshi masu yawa, kusan duk daga waɗanda 'ya'yansu ke makaranta.

Zaman tabarma kuwa yana cin kuɗi, yana cin lokaci. Sai an bi ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa, a gaida liman, a kauce wa ranar kasuwa da lokacin girbi. Kuma shi ma yana da nasa aibin: muddin maigari na zaune, ba abin da za ki ji sai "haka ne, ranka ya daɗe". Dole a raba zaman. Maza a ƙofar fada, mata a cikin gida tare da mace mai tambaya, yara su ma daban.

Amma abin da tabarma ke bayarwa waya ba ta da shi. Mun taɓa rubuta cewa iyaye ba su damu da karatun mata ba. Da aka karanta wannan layin a wani tsakar gida, wata dattijuwa da ke ɓarar gyaɗa ta ture faifanta, ta ce ba a yi musu adalci ba. Sakandaren tana da nisa, sai an ratsa gonaki, ga dawa ta yi tsawo da kaka, makarantar kuma ba banɗaki. Wata ta ƙara da cewa da kuɗin tallan yarinya ake tara mata kayan ɗaki, in ta daina wa zai saya? Ranar muka sake rubuta babin gaba ɗaya, shawarwarinmu ma suka canza.

Game da yaran, jin ta bakinsu haƙƙinsu ne, yana cikin sashe na 12 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989. Jigawa ta sa hannu kan dokar kare yara a 2021, Kano a 2023, don haka in kun je ma'aikatar mata ko hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) kuna da madogara. Ku nemi izinin iyaye da na yarinyar kanta, ban da suna, ban da hoto.

In kuɗinku na abu ɗaya ne, ni dai tabarma zan ce. In da rara, ku naɗi muryar wata tana karanta sakamakon da Hausa cikin minti biyar, a tura ta waya, ko a sa a rediyo a buɗe layi. Bayan gyara kuma ku sake komawa garin, ku faɗa wa matan nan layin da aka cire da wanda aka sa a madadinsa.