Fistol mai jikin roba ko mai jikin ƙarfe: wanne ya kamata ka rataya?

A gari irin Zariya, inda Daffo ke horar da kuratan soja tun 1924, ga barikin Basawa, ga Jaji nan kusa a hanyar Kaduna, gardamar ƙaramar bindiga ba ta ƙarewa. Tsofaffin ma'aikata sun rantse da ƙarfe, yaran yanzu kuma roba suke so. Wannan bayani na waɗanda doka ta ba damar riƙe ta ne: jami'in da zai sa hannu ya karɓa a ma'ajiyar makamai, da wanda aka ɗora wa alhakin sayo wa hukumarsa, da 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen da ake sayar wa farar hula bisa ƙa'ida.

Ni dai roba na zaɓa, kuma a cikin robar Glock 17 ko ƙanwarta Glock 19. Da farko a gane cewa ba duk bindigar ce roba ba. Bututun da harsashi ke bi, da saman da ke ja da baya idan an harba, da allurar da ke dukan gindin harsashi, duk ƙarfe ne. Gangar jikin ƙasa da mariƙin hannu su ne roba, kuma wata roba ce mai tauri da aka yi domin wannan aiki. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ne ya fara fitar da irinta a 1970 da VP70, amma ba ta yi kasuwa ba. Sai da Gaston Glock, ɗan Ostiriya wanda bai taɓa ƙera bindiga ba kafin nan, ya fito da tasa, sojojin ƙasarsa suka karɓe ta a 1982, sannan duniya ta waiwayo.

Abin da ya fara jan hankalina nauyi ne. Glock 17 ba tare da harsashi ba tana wajen giram 700, tana kuma ɗaukar harsashi 17 na milimita 9. Beretta 92 ta Italiya, wadda jikinta alminiyon ne, tana kusan giram 950 da harsashi 15. CZ 75, ƙarfe zalla, kilo guda ce. A kan takarda bambancin kamar ba komai ba ne. Rataya ta a ƙugu tun asuba har isha'i a zafin watan Afirilu, ka tsaya shingen bincike, ka hau mota ka sauka, da yamma ƙugunka zai gaya maka ko giram 300 wasa ne.

Sai tsatsa, kuma nan ne na fi zafi. Na taɓa riƙe wata mai jikin ƙarfe a damina. Gumi ya ratsa riga ya shiga kube, kuma ko da ina shafa mata mai, idan na kwance allunan mariƙin sai in tarar da ja-ja-ja a ƙarƙashinsu, daidai inda tafin hannu ke kwanciya, har kan kusoshin ya fara cinyewa. Wurin da ido ba ya gani nan take fara ci. Roba ba ruwanta da gumi, kuma saman Glock an yi masa wani gashi na musamman da ke sa tsatsa ta sha wahalar kama shi. Idan hunturu ya shigo kuma matsalar ta koma ƙura. Bindigar da ke son mai da yawa ita ce ke tara ƙura, man ya cakuɗe da ita ya zama laka. Glock ɗigo kaɗan take buƙata, sassanta ma ba su kai 40 ba, ga sauƙin kwancewa da gogewa.

Ban ce ƙarfe ba shi da nasa ba. Nauyin nan yana shanye shurin da bindiga ke yi, baki bai cika tashi sama ba, shi ya sa masu gasar harbi ke son zuriyar CZ 75, wadda 'yan'uwa biyu, Josef da František Koucký, suka zana a 1975. Amma mai gasa yana gamawa yake mayar da ita jaka. Browning Hi-Power ta 1935 tsohuwa ce mai daraja, lokacinta ne ya wuce. Tokarev ta Tarayyar Sobiyet kuwa, wadda asalin ƙirarta ko makullin kariya na hannu babu, kada ma a kawo ta cikin zance.

Kunama ita ce ainihin inda ya kamata mutum ya tsaya. Iri uku ne. Akwai mai aiki ɗaya, kamar ta Hi-Power da M1911 ta Amurka: sai hamar baya, ƙarfen da ke dukan allura, tana ɗane, kunama sakinta kawai take yi. Taushi gare ta, amma dole ka yi yawo da ita a ɗane da makulli a kai, ka kuma tuna cire makullin a lokacin da zuciya ke dukan uku-uku. Akwai mai aiki biyu, irin ta Beretta 92 da CZ 75: jan farko shi ke ɗana hama ya sake ta, don haka doguwa ce mai nauyi, kusan ninki biyu na jan da ke biyo baya. Ka ga yatsa ɗaya zai koyi ja iri biyu. A filin harbi na sha ganin harbin farko ya kauce ƙasa saboda an yi kokawa da kunama, na biyu kuma ya fita tun mutum bai gama saiti ba. Horo yana gyara wannan, to amma harsashi nawa ake ba ma'aikaci ya yi atisaye da su a shekara?

Na uku, irin ta Glock, ba ta da hama a waje ko kaɗan. Allurar tana ciki da sifirin ɗinta, rabi a ɗane, jan kunama ne ke ƙarasa ɗana ta ya sake. Ja ɗaya ne daga harsashin farko har na ƙarshe, wajen kilo biyu da rabi. Glock ta sa kariya uku da ke buɗewa da kansu yayin ja: ɗan harshe a tsakiyar kunama, da abin da ke tokare allura, da wanda ke hana ta tashi idan ta faɗi ƙasa. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma ba ta yafewa: yatsa ba ya shiga gidan kunama sai an yi niyyar harbi, kube kuma ya zama mai tauri da ya rufe kunamar ruf. Kuben fata da ya yi laushi, ko bakin riga da ya cusa ciki lokacin mayar da ita, ya isa ya ja ta. Sojojin Amurka ma da suka riƙe Beretta tun 1985, a 2017 suka koma SIG P320, ita ma roba ce marar hama.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan muhimmanci a wurinmu. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta sa fistol da libarba cikin jerin makaman da aka haramta, babu mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ba sahu ɗaya suke da bindigar farauta da Sufeto Janar ke ba wa lasisi ba, balle bindigar toka irin ta 'yan bindigar Sarki ranar hawan daushe. Wanda aka kama da ita ba izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka yana da hanya, zai fitar maka da takardar fistol a ofishin 'yan sanda na unguwa, ko ya turo maka hoton sabuwar Glock a WhatsApp ya ce tura rabin kuɗi, ɗan damfara ne, in ma ba tarko ba ne. Kuma ba ka da bakin kai ƙara, tunda abin da ka biya kuɗi a kansa shi kansa laifi ne.

Waɗanda kayan ke isa hannunsu ma ba su tsira ba. Ana buga sunan Beretta ko Glock a jikin ƙirar maƙera da aka yi da bututun ruwa. Ana kuma kawo bindigogin da aka ƙera don ƙara kawai, da ƙarfe mai gautsi, a ce na gaske ne. Irin waɗannan a hannun mai su suke fashewa, su tafi da yatsu ko ido. Jabu ya kai har kan magazin, wato gidan harsashi, da kube: sifirin marar ƙarfi da ke sa harsashi ya maƙale, da kuben roba mai araha da ke lanƙwashewa a rana. Masu sayo wa hukuma su ma su buɗe ido, domin shigo da makami ƙasar nan sai da takardar shaidar mai amfani ta ƙarshe daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Ɗan kwangilar da ya fara kame-kame idan an tambaye shi wannan takarda, ko lambar da ke jikin bututu ta saɓa da ta gangar jiki ya kasa bayani, a mayar masa da akwatunansa tun kafin a sa hannu a takardar karɓa.