Karatun ɗaukar hoton eksire: hanyar da za ka bi da makarantar da za ka guje wa

Duk masu turo min tambaya a kan wannan karatu kusan bakinsu ɗaya ne, "wace hanya ce ta fi sauri?" Ni kuma amsata ba ta canzawa. Ɗan'uwa ajiye maganar sauri tukuna, fara duba ko hukumar da ke ba da lasin ta san da zaman makarantar, sannan ka binciki wane asibiti za su kai ka ka taɓa marar lafiya da hannunka. In biyun nan sun yi, sauran duk da sauƙi. In ɗaya ya gaza, ko kyauta ne karatun kada ka je.

Kowace ƙasa da mai tsaron ƙofarta. A Amurka ARRT ce ke shirya jarabawar da yawancin jihohi da asibitoci suke nema, a Birtaniya HCPC ce ke yin rajista, a Afirka ta Kudu HPCSA, a Najeriya RRBN. A Birtaniya ma babu wani dogon zaɓi, digiri ne wanda HCPC ta amince da shi, shekara 3 a Ingila, 4 a Sikotland, ko kuma mastas na shekara 2 ga wanda ya riga ya yi digiri a wani fanni na kusa. To amma inda ake da zaɓi, kamar Amurka da wuraren da suka bi tsarinta, hanyoyin da za a baje maka kusan biyar ne: kwas na shekara 2 a kwaleji, digiri na shekara 4, satifiket na makarantar asibiti, gajeren kwas na rabin lasin (lasin da ke ba ka damar ɗaukar wasu hotuna kaɗan kawai), sai kuma na onlayin.

Ni dai na shekara 2 ɗin nan nake so, ba zan ɓoye ba. Dalili na farko shi ne shi ne daidai abin da doka ta nema ba ƙari ba ragi, domin tun daga farkon 2015 ARRT ta ce ba wanda zai zauna jarabawarta sai yana da aƙalla shaidar kwaleji ta shekara 2. Kuma jarabawar guda ce, wanda ya yi shekara 4 da wanda ya yi 2 tambayoyi 200 ɗin nan masu maki za su amsa, maki 75 a ma'aunin ARRT ake nema a wurin kowa, haruffan da za a liƙa a bayan sunansu ma iri ɗaya ne. Ranar farko a bakin aiki injin bai san wa ya fi wani daɗewa a aji ba. Ga shi kwalejojin gwamnati yawanci sun fi araha nesa ba kusa ba, ka fita da wuri, ka fara karɓar albashi, in kana son CT ko MRI ko hoton nono ka ɗora daga baya kana cikin aiki, wani lokaci ma asibitin ne zai koya maka.

Amma abin da ya fi ja na shi ne yadda ake tura ɗalibi asibiti tun da wuri, wasu tun semesta ta farko ko ta biyu. Aikin nan fa na hannu ne da ido. A littafi za ka karanta cewa hoton ƙirji ana ɗaukarsa daga baya zuwa gaba, mutum yana tsaye, tazarar bututun injin da farantin da ke karɓar hoton santimita 180, don kada zuciya ta fito ta fi girmanta likita ya ɗauka ta kumbura. Karanta wannan minti biyu ne. To ka je ka yi shi a kan tsoho mai haki wanda ba ya iya tsayuwa, ba ya jin abin da kake faɗa, kana ce masa ya ja numfashi ya riƙe yana kallonka kawai, ko yaro ɗan shekara 2 da ke ta ihu uwarsa ma ta rikice, ko wanda aka kwaso daga hatsarin mota wanda ba a yarda ka motsa wuyansa ba sai dai kai ka juya injin ka harba ta gefe. Nan ne za ka gane menene kVp, ƙarfin ratsawar hasken, da mAs, yawansa, ba a allo ba. Kuma injinan zamani na dijital suna da wata yaudara, ko ka zuba wa mutum haske fiye da kima kwamfuta za ta gyara hoton ya fito tas, sai ka zata ka iya aiki alhali kana ƙara wa mutane radiyeshan a banza, sai in akwai gwani a kanka da zai nuna maka lambar da ke nuna yawan hasken da ya isa farantin ya ce rage. ARRT ma kanta ba ta yarda da "na karanta" ba, sai an sa maka hannu a kan nau'in hoto sama da 50 da ka nuna ka iya, banda na kula da marar lafiya.

Digiri na shekara 4 ba shi da laifi, in kana hangen koyarwa ko shugabancin sashe ko kuma ƙaura zuwa ƙasar da sai da digiri, yi shi. In ba haka ba ƙarin shekara 2 ne da ƙarin kuɗi. Makarantar asibiti kuwa furaktikal ɗinta yana da ƙarfi sosai, kuma ta fi dacewa da wanda yake da wani digiri a hannu, tunda ARRT ba ta ce lallai digirin ya zama na fannin ba, matsalar kawai ba su da yawa yanzu. Rabin lasin kuma, wanda ake gamawa cikin 'yan watanni, ƙirji da hannu da ƙafa da makamantansu kawai zai ba ka dama, ba tiyata ba CT, kuma in ka tsallaka wata jiha yana iya zama takarda kawai. Araha ba ta ado.

Shiga ɗin ne wahala, kuma mutane suna mamakin ganin aji ɗaya bai wuce mutum ashirin da wani abu ba alhali masu nema sun cika. Ba rowa ba ce. Yawan gurbi yana bin yawan ɗakunan hoto da ma'aikatan da ke asibitocin da makarantar ta ƙulla da su, JRCERT, hukumar da ke tantance kwasa-kwasan nan a Amurka, ƙa'idarta ɗalibi ɗaya ne ga ma'aikaci ɗaya a wurin furaktikal. Saboda haka in ka ga makaranta na ɗibar duk wanda ya zo da kuɗi ba jerin jira ba tacewa, tambayi kanka ina za su zuba su. Abin da ake dubawa wajen ɗauka yawanci makinka ne a ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, lissafi, ɗan fiziks, da kalmomin asibiti, wasu su ƙara jarabawar shiga irin TEAS ko HESI, da intabiyu, da wasu awanni da za ka je sashen hoto ka zauna ka kalli aikin. Kada ka raina wannan na ƙarshen, akwai wanda sai a nan yake gane ba zai iya jure jini da warin ɗakin gaggawa ba. In an ɗauke ka kuma sai allurar rigakafin ciwon hanta, gwajin tibi, shaidar koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, gwajin ƙwaya da binciken tarihinka. Shawarata ka gama waɗancan darussan sharaɗin da maki mai kyau kafin ka cike fom, ka kuma nemi fiye da makaranta ɗaya. Sannan ka sani karatun kamar cikakken aiki ne, mai tunanin haɗa shi da aikin safe zuwa yamma zai sha wuya.

Yanzu bari in zo kan inda ni aka ƙona ni. Makarantar da na fara shiga, ba zan kama suna ba, gini mai kyau, talla mai daɗi, sun ce suna da "abokan hulɗa a manyan asibitoci". Da lokacin furaktikal ya zo sai aka watsa mu a ƙananan kilinik inda ba abin da ake ɗauka sai ƙirji da yatsa, ba mu ga ɗakin tiyata ba, ba mu taɓa tura injin tafi-da-gidanka zuwa gadon wanda ke kan na'urar numfashi ba, injin C-arm da ake ɗaukar hoto da shi a ɗakin tiyata kuwa a hoto muka san shi. Da muka yi magana aka ce kowa ya nemo asibiti da kansa. Wane asibiti ne zai karɓi ɗalibi haka kawai ba yarjejeniya ba inshora? Shi ya sa yanzu duk wanda ya nuna min makaranta tambayata ta farko ba kuɗi ba ce, sunayen asibitocin nake so, a rubuce, da nisansu, da ko akwai dare da ƙarshen mako a jadawalin furaktikal ɗin, da kuma wa zai nemo maka gurbin, su ko kai. In amsar ta fara da "ai kada ka damu", to fara damuwa.

'Yan damfara kuwa a wannan fanni kala-kala ne. Akwai masu cewa za ka zama ma'aikacin eksire gaba ɗaya ta onlayin cikin wata shida. Ƙarya ce tsagwaronta, lakca dai ana iya yi ta intanet, akwai ma makarantun kirki da ke yin haka, amma ba a koyon kwantar da mai karaya ta waya. Akwai masu rubuta "an tantance mu" da manyan haruffa, in ka bi diddigi sai ka tarar hukumar da ta tantance su ɗin su suka ƙirƙire ta, ga tambari ga hatimi ga shafi mai ƙyalli amma ba wanda ya san ta. Kada ka tambayi makaranta ko an amince da ita, je shafin hukumar lasin da kanka ka rubuta sunan, ka tabbatar reshen da za ka zauna ɗin ne a jerin ba wani reshe a wani gari ba, kuma kwas ɗin hoto ne aka amince da shi ba wani kwas nasu daban ba. Akwai masu cewa "muna kan hanyar samun amincewa, kafin ku gama ta fito". In ba ta fito ba fa? Akwai masu sayar maka da kwas na mataimakin asibiti da aka ɗan yayyafa masa darasin eksire, sunan ya yi kama, lasin ɗin kuma babu. Sai dillalan da ke haɗa maka admishan da biza da aiki a dunƙule in ka biya kafin alƙalami, waɗannan ko gaisuwarsu kada ka amsa.

Kada ka ɗauka abin ƙarami ne ko a wata ƙasa kaɗai yake faruwa. A 2015 jaridar New York Times ta tona kamfanin Axact na Karachi da ke sayar da digirin bogi a faɗin duniya ta ɗaruruwan shafukan jami'o'in da babu su. A farkon 2023 hukumomin Amurka suka bankaɗo sama da shaidar karatun jinya 7,600 na bogi da aka sayar daga wasu makarantu a Florida, waɗanda suka saya da yawa sun riga sun shiga aiki, daga baya jihohi suka bi su suna ƙwace lasin. Ko makarantar ba ta bogi ba ce tana iya rufewa da kai a ciki, a Amurka rukunin kwalejojin Corinthian ya rushe a 2015, na ITT Tech a 2016, ɗalibai da yawa suka tarar wasu makarantun ba sa karɓar darussan da suka riga suka ci. Don haka tambayi ko makinka zai bi ka in ka canza makaranta, kuma amsar ka samo ta daga makarantar da za ta karɓa.

Wata alama da ba ta ƙarya ita ce yadda suke ɗaukar maganar kariya. Ƙa'idar ICRP, hukumar duniya ta kariya daga radiyeshan, ga ma'aikaci ita ce kada ya wuce mSv 20 (mSv ma'aunin radiyeshan ne) a shekara in an raba a kan shekara 5, kuma kada shekara ɗaya ta haura 50, hoton ƙirji ɗaya kuwa wajen mSv 0.1 ne ga wanda aka ɗauka, kenan aikin ba abin tsoro ba ne in ana bin doka: rage lokaci, ja da baya, shiga bayan kariya. In ka ninka tazararka da injin, abin da ke isowa gare ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Amma dole a ba kowane ɗalibi bajon auna radiyeshan mai sunansa, a riƙa karɓa ana karantawa ana nuna masa sakamako, a kuma sami rubutaccen tsari ga ɗalibar da ta samu juna biyu. Makarantar da ɗalibanta ke shiga ɗakin hoto ba bajo, ko ake sa su riƙe marar lafiya ana harba haske, ta gama gaya maka ko ita wace ce.

Kafin ka biya ko sisi nemi alƙaluma uku: nawa suka gama cikin waɗanda suka fara, nawa suka ci jarabawar lasin a zaman farko, nawa suka samu aiki. Kwas ɗin da ke ƙarƙashin JRCERT dole ne ya wallafa su a fili, kuma ana son cin jarabawa da samun aiki kada su gaza kashi 75 cikin ɗari a matsakaicin shekara 5. Ka fi sa ido a kan na farkon, don wasu suna korar masu rauni kafin jarabawa sai sakamakonsu ya yi kyau. Zaman farko ɗin ma yana da muhimmanci tunda ARRT dama uku kawai take bayarwa cikin shekara 3. Wanda kuma ya taɓa samun matsala da kotu, ARRT tana da hanyar duba lamarinsa tun kafin ya shiga makaranta, gara ya yi wannan da wuri da ya gama karatu a ce ba zai zauna ba. Sannan ka nemi 'yan shekara ta biyu, ba waɗanda ofis zai zaɓo maka ba, ka tare su a bakin ƙofa ka tambaye su nau'in hoto nawa aka sa musu hannu zuwa yanzu, da kuma ko sun taɓa shiga tiyata.