Fender Rumble 500 don wasan mashaya: yana kai wa, amma kar lambar 500 ta ruɗe ka

Duk mai kaɗa bes, wato jitar nan mai kaurin sauti, da ya tambaye ni wane amf, na'urar ƙara sauti, zai nema don wasa a mashaya, amsar da nake ba shi Fender Rumble 500 ce, kombon nan, wato amf da sifika a akwati ɗaya, mai sifika biyu 'yan inci 10 na kamfanin Eminence, wanda aka sake wa fasali a 2014. Sai dai ba don 500 ɗin da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikinsa nake faɗa ba, wannan lambar akwai magana a cikinta.

Wasan mashaya daban yake da na babban dandali. Ku huɗu ko biyar an cusa ku a lungu ɗaya kusa da hanyar banɗaki, mai ganga yana gefenka kuma shi dai a duniya bai san wani abu wai shi a hankali ba, sifikokin gidan kuwa in ma akwai su murya kawai suke ɗauka. Ma'ana amf ɗinka shi kaɗai zai cika ɗakin, babu mai taya shi. Ga jama'a suna ta surutu, jikinsu ma shanye sauti yake yi, shi ya sa abin da ka ji ya yi daidai lokacin gwaji da ɗaki ba kowa, da an cika sai ka neme shi ka rasa.

To batun wat, wato ma'aunin ƙarfin amf, wanda shi lambar 500 ɗin take nufi. Shi kaɗai yadda ya fito daga kwali wat 350 yake bayarwa, domin sifikokin cikinsa om 8 ne, om kuwa ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wuta ne. Sai ka jona masa wani akwatin sifika na om 8 a baya, su haɗu su koma om 4, sannan yake sakin 500 ɗin gaba ɗaya. Ba ɓoyewa aka yi ba, yana rubuce a takardarsa, mutane ne ba sa karantawa. Kuma gaskiya ni abin bai dame ni ba sam, don ko ninka wat ka yi sau biyu desibel 3 kacal ka ƙaru da shi a ma'aunin ƙara, tsakanin 350 da 500 kuwa kusan ɗaya da rabi ne, da ƙyar kunne zai kama. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninku sai ka ninka wat kusan sau goma. Idan ka ƙara akwati na biyu ka ji duniya ta canja, yawancin abin daga ƙarin sifikokin da ke tura iska ya fito, wat ɗin ɗan rakiya ne. Ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Amma fa kar wani ya ji haka ya ce to bari in ɗauki ƙarami. Bes yana cin wuta fiye da jita nesa ba kusa ba. Tsirkiyar E ta ƙasa a bes tana kaɗawa ne a wajen haz 41, wato sau 41 a daƙiƙa, ta jita 82, kuma tura irin wannan sauti mai kauri aiki ne babba ga sifika. Shi ya sa mai jita zai zo da ɗan amf na bawul, irin na da mai aiki da kwalaben gilashi, mai wat 30 ya hana kowa sakat, kai kana can da 100 kana murɗawa har ƙarshe ba a jin ka. Rumble 100, mai sifika ɗaya ta inci 12, abu ne mai kyau ƙwarai a ɗakin gwaji ko wasan da ba ganga mai ƙarfi, nauyinsa ma wajen kilo 10 ne, amma ba shi da wurin jona ƙarin akwati, inda ya tsaya nan ka tsaya. Rumble 200 mai sifika ta inci 15 yana ba da 140 shi kaɗai, yana iya wa wasu ƙungiyoyin, in mai gangarku mai tausayi ne. Ni dai na fi son in samu rarar ƙarfi in bar ta a ajiye, amf da kake kunnawa a rabi ya fi tsabtar sauti a kan wanda kake shaƙe wa wuya duk dare.

Abin da ya fi saye ni nauyinsa ne, kilo 16 da ɗoriya. Wanda bai taɓa tashi daga wasa da ƙarfe ɗayan dare ba ba zai gane ba, kafaɗa ta mutu, ga matattakala siririya, ga mutanen da suka ƙi matsawa daga bakin ƙofa, mota kuma an ajiye ta can nesa. Bes a baya, jakar wayoyi a hagu, amf a dama, sahu ɗaya ka gama. Sirrin shi ne na'urar ƙara ƙarfin irin ta aji D ce, babu katuwar tiransifoma a ciki, katakon ma marar nauyi aka yi amfani da shi. Kwatanta da Ampeg SVT da ya fito a 1969, wat 300 na bawul zalla, kansa kaɗai, wato na'urar ban da sifikoki, ya doshi kilo 40, akwatinsa mai sifika takwas da ake wa laƙabi da firiji ya haura 60. Sautinsa ba a magana, wlh duk wanda ya taɓa tsayawa a gabansa ya san haka, amma ka kai shi mashaya ka ga yadda abokan wasanka za su ɓace lokacin ɗauka, kuma ba za ka samu damar buɗe shi yadda yake so ba kafin mai gida ya zo ya ce a rage.

Sautin Rumble ɗin in ka bar komai a tsakiya mai ɗumi ne, mai kauri, ya ɗan karkata ƙasa. Akwai maɓallai uku, Bright da Contour da Vintage. Contour ɗin nan tarko ne. Yana kwashe tsakiyar sauti ya bar maka ƙasa da sama, a ɗakinka kai kaɗai sai ka ji kamar a faifai, ka yi ta murmushi, amma da jita da ganga sun shigo shikenan ka nutse, ana jin bango yana rawa amma ba wanda zai iya faɗin wace waƙa kake bi. Abin da ke fito da bes a cikin taro tsakiyar ce. Ni nakan kashe Contour, in rage maɓallin sautin ƙasa kaɗan, in ɗaga na tsakiya ta ƙasa zuwa wajen ƙarfe ɗaya ko biyu na agogo, in ana wasa da ɗan robar kaɗa tsirkiya kuma in taɓa tsakiya ta sama. Kai kaɗai za ka ji shi kamar mai mura, cikin ƙungiya kuwa zama yake yi daram. Vintage na fi amfani da shi a waƙoƙi masu sanyi, yana danne ƙarar ƙarfen tsirkiya. Ƙaramar sifikar sama tana da makunni a baya, mai mari da babban yatsa zai so ta, ni yawanci a kashe take. Obadiraib ɗinsa, wato mai sa sauti ya yi kaushi, ba laifi in an sa kaɗan, mai son ƙazantar sauti sosai ya nemi feda, 'yar na'urar da ake takawa da ƙafa.

Inda yake da rauni. Na farko, mafitar XLR da ake jona waya a kai sauti mikisa, wato na'urar haɗa sautin kowa, ba ta da maɓallin zaɓar kafin gyaran sauti ko bayansa, duk abin da ka murɗa don ka ji kanka shi zai tafi wa mai kula da sauti, wasunsu ba sa son haka, sai su kawo nasu ɗan akwatin DI, mai ɗaukar sautin bes kai tsaye, su sa kafin amf ɗin. A mashaya da wuya ma a buƙaci wannan, amma ranar da kuka samu babban wuri za ka tuna. Na biyu, ba ya jingina baya, kuma kai taku ɗaya ne tsakaninka da shi, sai sautin ya riƙa dukan gwiwarka yana wucewa, kai ba ka ji, na bayan ɗaki suna cewa ka yi yawa. Ɗora shi a kan kujera ko wani akwati mai ƙwari, nan take za ka ga ka daina ƙara sauti. Wannan yana maganin wata matsalar ma, dandalin katako mai rami a ƙasa da kusurwar bango duk suna kumbura sautin ƙasa har ya zama gunji. Na uku, maɓallan a samansa suke, daɗin gani kana tsaye, amma saman a shimfiɗe yake kuma a mashaya duk abin da ke shimfiɗe teburi ne a idon mutane. Ka juya baya ka ga an ɗora kofi cike dab da inda wayar bes ɗinka ta shiga, amf yana girgiza kofi yana tafiya a hankali. Kar ka yi kara a nan, sauke shi.

Masu tsirkiya biyar, B ta ƙasa wajen haz 31 take, sifika biyu 'yan inci 10 za su yi ta amma in an kai ƙarshen ƙara sai ka ji sun fara haki, a nan ne akwati na biyu yake da amfani.

Ba shi kaɗai ne a fage ba. Markbass CMD 121P na Italiya, mai sifika rawaya ɗin nan inci 12, ya fi shi ƙanƙanta da sauƙin ɗauka, wat 300 shi kaɗai, kuma tsakiyarsa a fili take tun daga kwali, wanda ke son a ji kowane yatsa zai fi jin daɗinsa. Ampeg RB-210 kusan tsari ɗaya ne da Rumble, sai dai da gurnanin gidansu. Akwai kuma masu raba kai da akwati, irin Trace Elliot Elf da bai kai kilo ɗaya ba yana shiga aljihun jakar bes, wat 200 a om 4, hanya ce mai kyau in wuraren da kake zuwa suna da akwati a ajiye. Duk wanda za ka gwada, je da bes ɗinka, buɗe shi da ƙarfi, ka sa doguwar waya ka koma nesa ka saurara. In na hannu ne ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar yashi, ka daɗe a kan E a buɗe ko sifika za ta yi zizar tsagewa, don irin waɗannan na aji D in sun lalace sau da yawa allon ake canjawa gaba ɗaya.

In za ka ƙara wa Rumble ɗin akwati, duba bayansa da kyau ya zama om 8 ne, na om 4 zai saukar da lissafin ƙasa da abin da amf ɗin yake ɗauka. Kuma wayar sifika za ka jona da ita, kar ka zari ta jita don ka ga bakinsu ya yi kama.