Rim mai rabi biyu ko na tubles? Amsa ga mai Vespa PX a Aboabo

Wani ɗan'uwa daga Aboabo a Kumasi ya aiko da tambaya. Yana da Vespa PX 150, da ita yake zirga-zirga tsakanin gida da Kejetia, wani lokaci kuma ya ɗauki goyo zuwa Ejisu. Tayar baya ta dame shi da faci, na ƙarshen ma yana cikin gudu ya same shi, iska ta fice kaf kafin ya kai ƙafa kan birki. An ba shi shawarar ya koma rim na tubles, wanda ba a sa wa tiyub, sai ya tarar iri biyu ne a wurin masu sayarwa: wani dunƙulalle guda, wani mai rabuwa biyu da zoben roba a tsakiya. Wanne zai ɗauka, ko kuwa ya zauna a kan na asali?

Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Ra'ayinmu shi ne ka koma dunƙulallen rim na alminiyam, mai faɗin 2.10, na kamfanin da aka sani. Amma da sharaɗi, kuma sharaɗin yana jikin ƙusoshin dirom ɗinka ne, watau ƙarfen birkin da ake ɗaure rim a kansa, da hannun wanda zai ɗaura maka tayar. In waɗannan biyun ba su samu ba, rim ɗinka na asali da aka gyara da kyau ya fi maka.

Mu fara da abin da ya same ka, domin shi ne tushen maganar. Rim ɗin PX faranti biyu ne na ƙarfe, ɗaya mai faɗi ɗaya siriri, noti 5 ke haɗa su, wasu 5 kuma ke riƙe su a jikin dirom. Ba ya riƙe iska ko kaɗan, tiyub ne kawai ke riƙewa. Da zarar ƙusa ta huda tiyub, iskar ba ta tsayawa neman ƙaramin ramin da ƙusar ta yi, sai ta bi ta ramin bawul da tsagar da ke tsakanin farantan biyu ta fita lokaci guda. Ga tayar inci 10 ƙarama ce, iskar cikinta ba ta da yawa. Ga injin Vespa a gefen dama yake, mafi yawan nauyin mashin da na goyo a kan tayar baya. Shi ya sa bayan mashin ke fara lilo nan take. Kuma sau da yawa ba ƙusa ba ce ma. Ruwan damina na shiga ta wannan tsagar ya kwanta a ciki, tsatsa ta ci rim, ɓarɓashinta ya dinga gogar tiyub har ya huje. A Kumasi da ake damina biyu a shekara, rim ɗin da bai taɓa ganin fenti a ciki ba ya isa ya jawo faci bayan faci ba tare da an taka komai ba. Haka in mai faci ya danne tiyub tsakanin farantan wajen haɗawa, ko aka yi ta hawa da ƙarancin iska har taya ta zame a kan rim ta fizge bawul daga gindinsa.

A dunƙulallen rim, tayar da kanta ce ke riƙe iska. Cikinta akwai shimfiɗar roba da iska ba ta ratsawa, leɓenta kuma na manne da rim. Ƙusa in ta shiga, robar na kama ta, sai iska ta dinga fita a hankali, har mutum ya lura mashin ya yi nauyi ya samu wuri ya tsaya. Rim mai kyau yana da ɗan tudu zagaye da shi a kowane gefe daga ciki, wanda ke tare leɓen taya kada ya faɗa tsakiya ko da iska ta ragu. Wannan tudun shi ne rabin abin da kake biya wa kuɗi. In ka sa yatsa a cikin rim ba ka ji shi ba, ka ajiye musu kayansu.

To amma na asalin ma yana da nasa alherin, bai kamata a raina shi ba. Da sifana mai lamba 13 da famfon hannu za ka iya raba shi a bakin titi ka canza tiyub ka wuce, muddin ka fara sace iskar gaba ɗaya kafin ka taɓa notin da ke haɗa farantan. Kowane mai faci daga Asawase har Tafo ya san shi. In ka faɗa rami, ƙarfe lanƙwashewa yake yi, a buga shi da guduma ya dawo. Alminiyam kuwa in bugun ya yi ƙarfi tsagewa yake, kuma rim ɗin da ya tsage ba a yi masa walda a mayar da shi kan titi. A nan ne ingancin ƙira ke shigowa. SIP da BGM na Jamus da F.A. Italia na Italiya sunaye ne da aka sani a wannan sana'a. Rim ɗin da babu sunan kamfani ko lambar girma a jikinsa, komai ƙyallinsa, ba mu yarda ka ɗora rayuwarka da ta goyonka a kai ba.

Na ukun, mai rabuwa biyu da zoben roba, wanda Pinasco ta yi suna da shi, an yi shi ne don a haɗa sauƙin na asali da amincin tubles. Ɗaura taya a kansa ba wuya, ba a buƙatar liba. Damuwarmu da shi ita ce duk iskar ta dogara ga zoben roba ɗaya. Ƙwayar yashi ta shiga gurbinsa, ko ya murɗe wajen haɗawa, ko a ɗaure notin gefe ɗaya fiye da ɗaya, sai iska ta fara sulalewa cikin dare. Zoben na so a canza shi duk lokacin da aka buɗe rim, kuma ba abin da za ka shiga Suame Magazine, unguwar garejoji da kayan gyara, ka tsinta a shagon farko ba ne. Wanda ke ɗaura tayarsa da hannunsa a wuri mai tsabta, ya kuma sayo zobba na ajiya tare da rim, zai ji daɗinsa. Wanda zai miƙa wa yaron mai faci a kan jar ƙasa, gara dunƙulallen.

Kada kuma wani ya ce zai shafa silikon a tsagar rim ɗinka na asali ya mai da shi tubles. Rim ɗin ba shi da tudun riƙe leɓe, silikon kuma ba ya jure motsin farantan. Wannan dabara ta fi tiyub haɗari.

Sai girma. Tayar PX 3.50-10 ce, rim ɗinta 2.10 ne a inci 10, ramukan ƙusa 5, kuma haka Sprint da Rally suke. Vespa Super da VBB inci 8 ne. Lambretta ma inci 10 ce amma ramukanta 4, ba ta hawa Vespa. Masu Bajaj da LML su ƙirga ƙusoshi su auna tazararsu kafin su biya. Akwai rim mai faɗin 2.50 da ake sa wa taya mai kauri, yana da kyan gani, amma a PX ɗin da ba a taɓa ba wurin ya yi kaɗan. Tayar na iya gogar murfin kuloci ko salansa a baya, ko shoka a gaba, kuma yakan ture tsakiyar taya gefe har tayar gaba da ta baya su daina bin layi ɗaya. PX 150 da ke shiga cunkoson Kejetia ba ta da abin da za ta ƙaru da shi daga wannan faɗin. In taka mai birkin faifai ce a gaba, irin waɗanda suka fara fitowa daga 1998, ka tabbatar mai sayarwa ya rubuta rim ɗin ya dace da ita, sannan bayan an ɗaura a juya tayar da hannu a ga bawul bai taɓa kalifa ba, watau abin da ke matse faifan birki.

Yanzu sharaɗin da muka ambata. Ƙusoshin da ke jikin dirom masu kaurin milimita 8 ne, an yanke tsawonsu daidai da siririn farantin ƙarfe. Alminiyam ya fi kauri a wurin ɗauri, don haka abin da ke leƙowa na ƙusar bayan an saka sabon rim yakan ragu sosai. Noti sai ya kama zare uku ko huɗu kawai. Ido zai ga kamar ya ɗauru, sifana ma za ta ji tauri, amma girgizar hanya na cinye waɗannan zarurrukan ɗaya bayan ɗaya, ranar da suka ƙare kuma taya ce ke rabuwa da mashin. Ƙa'idar ita ce noti ya kama aƙalla tsawon kaurin ƙusar, watau milimita 8 na zare, kuma an fi so kan ƙusar ya ɗan leƙo bayan noti. Kafin a ɗaura taya ma, a jera rim ɗin a kan dirom, a sa washa, a auna abin da ya rage. In bai kai ba, ko a sa dogayen ƙusoshi, ko a yi amfani da notin musamman da wasu kamfanoni ke haɗowa da rim, masu wuyan da ke shiga cikin ramin. Canza ƙusa aikin ƙwararren makanike ne, kuma in dirom ɗin ya riga ya gaji, gara a sa sabo. A duba kuma rim ya kwanta lif a fuskar dirom, ba ya hawa kan wani tudu ko tsohon fenti.

Ɗaurin kansa a yi shi da sifana mai awo, tsakanin Nm 20 zuwa 25 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, sai dai in takardar rim ta faɗi wani abu dabam. A bi noti a tsallake, na ɗaya, na uku, na biyar, na biyu, na huɗu, a zagaya sau biyu. Yaran gareji sun saba ƙara bututu a kan sifana su danna da ƙafa. Hakan na miƙar da ƙusar milimita 8 ya kuma tauna alminiyam. Bayan kilomita 50 zuwa 100 na farko a sake bin notin duka, domin fenti da washa na zama su bar ɗan sako-sako.

Tayar da ke kan mashin ɗinka yanzu wataƙila ba za ta yi ba. Duba gefenta. In an rubuta TT, ta tiyub ce, ba ta hawa rim na tubles. Wadda kake nema TL ce, ko TL/TT. Tunda kana ɗaukar goyo, nemi mai lamba 59, wadda ke ɗaukar kilo 243, maimakon 51 mai kilo 195. Harafin J da ke biye yana nufin gudun kilomita 100 a awa, ya ishi PX 150. Michelin S83 na zuwa a 3.50-10 59J kuma zanenta irin na da ne, ga kuma Heidenau da Mitas. Lambobi 4 na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen taya su ne mako da shekarar ƙira, 2323 na nufin mako na 23 a 2023. Tayar gwanjo ko wadda ta daɗe a shago leɓenta ya bushe, ba za ta manne da rim ba ko da zanenta bai ci ba.

Wurin ɗaurawa ne aka fi ɓata sabon rim. Da'irar inci 10 ƙarama ce, leɓen tayar tubles kuma mai tauri, ga kwarin tsakiyar rim ɗin ba zurfi. A fara saka bawul a ɗaure shi, an fi son mai lanƙwasa don bakin famfo ya kai gare shi. A shanya tayar a rana ta yi laushi. A shafa ruwan sabulu a leɓe biyun, ban da gris ko baƙin mai, domin suna cin roba kuma suna sa taya zamewa wajen birki. A lura da kibiyar da ke nuna inda taya ke juyawa in tana da ita. A fara daga gefen rim da kwarin ya fi kusa da baki. Abin da ke sa aikin ya yiwu shi ne a danne leɓen da ke ɗaya ɓangaren cikin kwarin a riƙe shi a can, sannan a bi sauran kaɗan kaɗan da gajeriyar liba, da guntun roba ko tsohon tiyo a bakin rim. Mai faci da ya ɗauko dogon ƙarfen tayar mota zai yaga leɓen ko ya kankare bakin rim, kuma wannan yoyon ba ya gyaruwa. In akwai wurin da ke da injin ɗaura taya mai kama ƙaramin rim, can ya fi. Daga nan a cire ƙwayar bawul a ba da iska da kwamfuresa har a ji leɓe biyun sun yi ƙara sun hau. In an kai psi 40 a ma'aunin iska bai hau ba, a sace iskar a ƙara sabulu a sake, kada a ci gaba da dannawa. A ƙarshe a duba siririn layin da ke zagaye da gefen taya ya yi daidai da bakin rim ko'ina, a tsoma cikin baho a nemi kumfa a leɓe da gindin bawul.

Iskar hawa: wajen psi 19 zuwa 21 a gaba, 26 a baya in kai kaɗai ne, 33 zuwa 35 in da goyo. A auna da safe kafin taya ta yi zafi, kowane mako, domin tayar tubles na iya rasa rabin iskarta ba ta nuna a ido ba. Ka ajiye igiyar faci da abin zura ta da ƙaramin famfo a akwatin gaba. Igiyar ta huji a tsakiyar taya ce kawai, hujin gefe sai sabuwar taya.

Saura safaya. Tayar gaba da ta baya a PX ɗaya ce, shi ya sa safayar da ke ƙarƙashin murfin hagu ke shiga ko'ina. In aljihu ya ba da dama a sayi rim 3. In bai ba da ba, a sayi 2, a bar wanda ya fi lafiya cikin tsofaffin a matsayin safaya, bayan an buɗe shi an kankare tsatsar ciki, an yi fenti, an sa sabon tiyub da ɗan hoda. Sai dai a kula da abu ɗaya: in an sa dogayen ƙusoshi, noti mai rufaffen kai zai tokare da kan ƙusar kafin ya danne siririn rim na ƙarfe, tayar ta zauna tana rawa. Don haka a ajiye buɗaɗɗun noti 5 da washarsu a cikin kayan sifana, na ranar da za a saka safayar.