Garejin da Ya Sanya wa Tsohuwar Motata Bel a Kujerun Baya

Motata ƙirar 1983 ce, kuma kamar da yawa daga cikin motocin zamaninta, bel na kujerun gaba kaɗai ta fito da shi daga masana'anta. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin ko da yake Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da bel mai maɗauri uku, wato mai riƙe kafaɗa da ƙugu, tun 1959, sai a 1987 Birtaniya ta wajabta sanya bel a kujerun bayan sababbin motoci. Da na fara ɗaukar yara a baya, sai na kai motar wani gareji da ya ƙware a wannan aiki.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne, bakaniken bai ɗauko bel ba sai da ya cire kujerar baya ɗungurungum, ya ɗage kafet, ya haska ƙarfen ƙasan motar da fitila. A nan ya nuna mini ramuka biyu masu zare da aka toshe da roba, waɗanda masana'antar ta tanada tun asali, ya kuma bayyana cewa notin inci 7/16 suke ɗauka, wanda shi ne ma'aunin da aka saba ɗaure bel da shi. Da ya matsa wajen da ke saman tayar hagu, ya danna ƙarfen da sukudireba, sai wurin ya burma kamar busasshen ganye saboda tsatsa. "Yallaɓai," in ji shi, "idan na ɗaure bel a nan, ado kawai na sanya maka." Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, aka yi waldar sabon ƙarfe, aka shafe shi da fenti mai hana tsatsa.

A wannan ɓangaren ne nake ganin garejin ya cancanci yabo, domin duk ƙarfin bel yana dogara ne ga wurin da aka ɗaure shi. A inda babu ramin asali, kamar maɗaurin kafaɗa, bai huda bodi ya sanya noti da washa kawai ba. Ya sanya faifan ƙarfe mai kauri a bayan kowace huda, wanda aka daddatse kusurwoyinsa, don idan nauyin mutum ya fizgi bel a lokacin karo, ƙarfin ya bazu maimakon notin ya yaga siririn ƙarfe ya fice. Kafin ya huda ko'ina kuwa, sai da ya leƙa ƙasa ya tabbatar da inda tankin mai da bututun birki suke.

Bel ɗin da ya sanya sababbi ne masu ɗauke da tambarin E na ingancin Turai. Na tambaye shi ko za a iya amfani da na motar da aka farfasa, ya ƙi, domin bel ɗin da ya taɓa riƙe mutum a hatsari ya riga ya miƙe, kuma ido ba ya nuna hakan.

Sai dai aikin bai rasa tangarda ba. An yi mini alkawarin kwana ɗaya, ya zama uku. Bayan haka, na'urar da ke naɗe bel na dama ta riƙa cijewa ko da motar na tsaye, saboda an ɗaure ta a ɗan karkace, alhali irin wannan na'ura tana buƙatar zama a daidai kusurwar da aka ƙera ta. Na mayar da motar, aka gyara cikin ƙasa da awa ɗaya ba tare da gardama ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kujerar tsakiya. Bel na ƙugu kaɗai aka sanya mata, domin babu ƙaƙƙarfan wurin da za a ɗaure na kafaɗa, kuma ba a gaya mini ba sai da na zo ɗaukar motar. Irin wannan bel yana hana mutum ficewa daga kujera, amma ba ya riƙe ƙirji, kuma idan ya zame daga ƙashin ƙugu zuwa ciki yana iya yin lahani, musamman ga yaro. Saboda haka yaran suna zama a gefe biyu, tsakiyar kuma jakunkunansu ne ke hawa.